Sayar da gidan da ake kiwo a ciki: aikin da ke gaban mai gida kafin ya kira dillali

Da wuya mutum ya zaga wata unguwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bai ji kukan rago ko na akuya daga bayan katanga ba. Wani gidan balami ne ɗaure a gindin dogon yaro yana jiran layya, wani jajayen awaki ne na uwargida, wani kuma tantabarun samarin gida ne suka mamaye saman ɗaki. A sababbin unguwanni na bayan gari, inda gidaje ke nesa da juna, ana samun karen gadi a ƙofa da kyanwa a kicin. Muddin iyali na zaune a ciki, babu mai ganin laifin wannan. Ranar da aka yanke shawarar sayar da gidan ne lissafi ke sauyawa.

Dalilan sayarwar sanannu ne. Mahaifi ya rasu, magada na son a raba. An sauya wa ma'aikaci wurin aiki. Ɗan da ke Abijan, Kwatano, Aljeriya ko Faransa ya gina wa iyaye sabon gida, yana son a sayar da tsohon a cika kuɗin rufi. Ko mene ne dalilin, tambaya biyu ke jiran mai gidan: yadda zai hana dabbobin rage wa gidan daraja, da kuma inda dabbobin za su dosa bayan an miƙa makulli. Ta farko maganar kuɗi ce. Ta biyu kuwa tana iya raba zumunci.

Hancin mai gida ya riga ya saba

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wajen wari, karin maganar ba ta aiki. Hancin ɗan Adam yana sabawa da duk warin da yake shaƙa kullum har ya daina jin sa, shi ya sa wanda ya shekara goma da turke a tsakar gida zai rantse cewa gidansa ba ya wari, alhali baƙo tun daga zaure ya ji. Mai saye baƙo ne, kuma da hanci yake fara duba gida kafin ya ɗaga kai ya kalli rufi.

Saboda haka matakin farko bai buƙatar ko dala. A samo wanda ba ya zama a gidan, wanda kuma ba ya jin nauyin faɗin gaskiya, a shigo da shi da rana tsaka lokacin da zafi ke tayar da wari, a bar shi ya zaga ya nuna inda ya fi ji. Sau da yawa wurin da zai nuna yakan ba mai gida mamaki: bayan ɗakin da ake jibge harawa, ƙarƙashin kwamin ruwa, ko lungun da kyanwa ta mayar makewayinta.

Asalin warin daga fitsari yake. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna sarrafa shi ya koma iskar amoniya, wato wannan zarnin mai hawa kai. Ƙasar da ta sha fitsari shekara da shekaru takan yi shiru lokacin rani, da zarar ta ji danshi sai ta farka. Abin da ya sa ke nan gidan da aka share aka yayyafa wa ruwa gab da zuwan baƙi yake fin wari a kan wanda aka bari a bushe. Turaren wuta ma ba ya fid da mai gida. Yana haɗuwa da zarnin ne su tashi tare, kuma mai sayen da ya shiga ya tarar an turare tsakar gida da rana tsaka zai fara tunanin akwai abin da ake rufewa.

A fiƙihun Malikiyya, wanda mafi yawan Musulmin Nijar ke bi, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne muddin ba ƙazanta take ci ba, haka nan kare mai rai ba a ɗauke shi najasa ba. Wannan hukunci na tsarki ne da salla. A wajen ciniki, mai saye da matarsa abin da hancinsu ya gaya musu za su bi.

Abin da turke ke yi wa gini

Wari na iya gushewa, ɓarnar da ke jikin gini ita ce mai cin kuɗi. Fitsari yana ɗauke da gishiri. Idan ya jiƙa gindin bango, ƙasa ko bulo su tsotse shi, ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a ciki yana tura yaɓe waje. A hankali gindin katangar zai fara zubar da gari, ya rarake daga ƙasa. Awaki da tumaki kuma suna son lasar wurin saboda gishirin, suna goga jiki da ƙaho, su ƙara cinye shi. A gidajen ƙasa irin na Birni da Zango a Damagaram, ko tsofaffin unguwannin Maraɗi kamar Bagalam da Mokoyo, wannan rarakewar ce hanyar da ruwan damina ke bi ya kayar da bango. A gidan siminti ɓarnar ba ta kai haka sauri ba, amma fenti yana kumbura ya ɓare, ƙofar ƙarfe da ke kusa da turke kuma tana yin tsatsa daga ƙasa.

Daminar 2024 ta koya wa mutane duba gindin bango. A shekarar, ambaliya ta hallaka mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a farkon watan Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram ya rushe. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya zo sayen gida zai durƙusa ya taɓa gindin katanga da hannu.

Gyaran yana da tsari, kuma tsallake mataki ɗaya yana ɓata sauran. Da farko a fitar da dabbobin daga wurin gaba ɗaya, domin gyara da rago a kan turke aikin banza ne. Sannan a kwashe taki, wanda shi kansa kuɗi ne: masu garka a bakin gulbin Maraɗi da masu lambu a bakin kogin Kwara a Yamai suna neman sa, wani lokaci mai amalanke zai kwashe kyauta don ya kai musu. Bayan taki sai a haƙe ƙasar da ta jiƙu, a ci gaba da haƙa har launinta ya sauya kuma warin ya ragu. A bar ramin a buɗe rana ta dake shi kwanaki, kafin a cika da sabuwar jar ƙasa a daddale, a bi da rairayi a sama.

Bangon kuma a kankare duk yaɓen da ya rube har a kai ga mai ƙwari, a bar shi ya bushe sosai kafin magini ya sake yaɓawa. Wanda ya yi gaggawar shafa fenti a kan bango mai danshi da gishiri, cikin ƴan makonni fentin zai ɓare, watakila ma kafin a gama ciniki. Farar ƙasa ta fi dacewa da irin wannan wuri saboda tana barin bango ya fitar da danshi, tana kuma rage ƙwayoyin cuta, sai dai tana ƙuna, don haka mai shafa ta ya kare idonsa da hannunsa.

Daɓen siminti da na karo a wanke su da sabulu da ruwa mai yawa tukuna, sai daga baya a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. A nan akwai haɗari biyu da mutane ba su cika sani ba. Zuba ruwan jabel kai tsaye a kan fitsarin da ya taru, musamman a rufaffen ɗaki, yana tayar da iska mai shaƙe numfashi da ƙona ido. Girezil kuwa, da ake yawan yayyafawa a makewayi da garke, guba ne ga kyanwa: in ta taka wurin ta lashi ƙafarta, tana iya mutuwa.

Sai rumfar abinci. Harawa, kara da buhunan dusa da aka jibge a saman rumfa ko a ɗakin ajiya suna tara ɓeraye da gara, ga kuma haɗarin gobara lokacin hunturu. A kwashe su da wuri a duba azara da katakon rufin da ke ƙarƙashinsu. Kashin tantabaru da ya bushe a saman kwano ko cikin silin yana cin ƙarfe, ƙurarsa kuma tana iya sa ciwon huhu. A jiƙa shi kaɗan kafin a kankare, mai aikin ya rufe hanci da baki.

Waɗanda ke zama bayan dabba ta tafi

Fitar da dabba ba ya nufin an fitar da abin da ke jikinta. Ƙuma tana zuba ƙwai a ƙasa da cikin tsagar daɓe, kuma ƴaƴanta na iya zama cikin kwansonsu watanni suna jira. Motsin ƙafa, ɗumin jiki da numfashi ne ke tayar da su. Wannan ya shafi ƴan ci-rani kai tsaye: gidan da aka kwashe kare ko kyanwa aka kulle wata biyu, ranar da dillali ya buɗe wa mai saye, ƙumar da ta daɗe da yunwa kan ƙafafunsu za ta hau. Ciniki da yawa a nan zai tsaya.

Kaskar kare ma a gida take rayuwa. Macen tana sauka daga jikin kare ta hau bango ta shige tsaga, ta zuba dubban ƙwai. Akwai kuma wata kaska mai laushin jiki da ke ɓuya a tsagar akurkin kaji da ɗakin tantabaru, tana fitowa da dare ta sha jini, kuma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta ci komai ba. Tsohon akurki na ƙasa da ya tsattsage, rushe shi a kwashe ya fi gyara shi sauƙi.

Maganin waɗannan yana buƙatar a yi wa dabbar da gidan a lokaci guda, a kuma maimaita feshi bayan kamar mako biyu domin kama waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya, sannan a toshe tsagogin bango. A nemi shawarar likitan dabbobi ko ma'aikatar kiwo ta yankin kan maganin da ya dace. Piya-piya da sauran magungunan da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa suna suna da haɗari ga yara da duk wanda zai kwana a ɗakin. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin permetirin kuma kada a kuskura a shafa wa kyanwa, yana kashe ta.

Ranar da za a zo duba gida

Filayen da ake yankawa a sababbin unguwanni yawanci murabba'in mita 200 zuwa 400 ne. A irin wannan fili, rumfar tumaki da akurki da tarin harawa suna cinye kusurwa guda, su sa tsakar gida ta yi kama da ƙarama. Mai saye yana lissafin inda zai ƙara ɗaki, inda mota za ta tsaya, inda za a yi taron suna. In kusurwar a share take, da idonsa zai auna.

Kare shi ne babban abin lura. Ɗaure shi a bayan ɗaki bai isa ba: haushinsa kaɗai zai sa mai saye ya gajarta ziyara, matarsa kuma ta ƙi wuce zaure. Wanda ya fi shi ne a kai shi gidan wani da ya saba da shi kafin baƙin su iso, a ɗauke sarƙa da kwanon abincinsa. Dalilin ya wuce na ciniki. Karen da ya ga baƙin fuskoki suna shiga ɗakuna yana iya cizo, kuma cizon kare a ƙasar da cutar haukan kare ke yawo babbar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta hanyar kare suka ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana babu magani. In tsautsayi ya faru, a wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, a kai mutumin likita nan take ba tare da jira ba, a kuma tsare karen likitan dabbobi ya sa masa ido. Mai karen da ke da takardar rigakafi a hannu ya rage wa kansa rabin tashin hankali.

Rago mai tunkuyi ma a matsar da shi, domin masu saye kan zo da yara. Sakin dabbobi a titi na ɗan lokaci don a nuna gida kuwa dabara ce mai tsada, tunda hukumomin birni suna kama dabbobin da ke yawo, sai an biya tara a karɓo su.

A yau gida da yawa ta waya ake fara ganin sa. Dillali ya ɗauki hoto da bidiyo ya tura ta WhatsApp ko ya sa a Facebook, mai saye yana Beljiyam ko Amurka yana kallo. Hoton da aka ɗauka kafin gyara, mai igiya da kwami da kaji a tsakar gida, zai ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ko bayan an gyara, kuma da shi za a riƙa taya gidan. Don haka kada a bari a ɗauki hoto sai aiki ya kammala. Shi kuma mai saye daga nesa ya tuna cewa bidiyo ba ya ɗauko wari. Ya tura ɗan'uwa ya je da ƙafarsa, da rana, in da hali washegarin ruwan sama, ya duba gindin bango ya kuma tambayi maƙwabta abin da ake kiwo a gidan.

Gyara daban, ɓoye aibi daban

Tsakanin shirya gida da yaudarar mai saye akwai iyaka, kuma addini da doka duk sun shata ta. Wanda ya haƙe ƙasa ya sake yaɓe ya kashe kaska, ya gyara gida. Wanda ya san gindin katanga ya rarake ya lulluɓe shi da siminti siriri ya shafa fenti, ya ɓoye aibi.

Malaman Malikiyya sun yi bayanin aibin gida daki-daki: akwai ƙarami da ba a kulawa da shi, akwai matsakaici da ke sa a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, akwai kuma babba da ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye, ta ba mai saye zaɓin ya mayar da abin ko ya riƙe a mayar masa da wani ɓangare na kuɗin. Ga iyalin da suka riga suka raba kuɗin gado, wani ya yi aure da nasa, wani ya tura nasa kasuwa, a dawo musu da gida bayan damina ɗaya masifa ce babba.

Faɗin gaskiya ya fi arha. Mai gida ya nuna inda turke yake a da, ya faɗi abin da aka gyara da wanda ya gyara. Ba kowane mai saye ne ke gudun kiwo ba ma. Ga wanda shi ma zai ɗaure ragonsa, rumfa mai kyau da kwamin siminti da magudanar da ke fitar da ruwa nesa da bango ƙarin daraja ne. Abin da ya kamata shi ne a rubuta cikin takardar ciniki, a gaban shaidu ko a ofishin noter, abin da ya shiga cikin sayarwa da wanda mai gida zai cire, da kuma ranar da dabba ta ƙarshe za ta bar gidan. Rigima kan kwanon rumfa da ƙofar akurki ta sha ɓata cinikin da aka gama lafiya.

Dabbobin na wane ne?

A gidan gado, wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi. A al'adar Hausa, awaki da tumakin da ke tsakar gida sau da yawa na mata ne: uwa ta saya da kuɗin adashinta, ko an ba ta tun tana amarya suka hayayyafa. Su ne asusunta. Da su take sayen magani, da su take yi wa ɗiya kayan ɗaki, da su take fita kunyar biki. Ba sa cikin dukiyar mamaci, kuma magajin da ke waje yana ba da umarni ta waya cewa a kwashe dabbobin nan a gyara gida, yana iya taɓa abin da ba nasa ba bai sani ba.

Kafin a kira dillali, ya kamata taron iyali ya tantance kowace dabba da mai ita, har da waɗanda aka ba wani kiwo a raba ƴaƴa. Sannan a dubi inda mai dabbar za ta koma. In gidan haya ne, masu gida da yawa ba sa yarda da kiwo, musamman a gidajen da ake zaman haya da yawa a tsakar gida ɗaya. Tsohuwar da aka fitar daga gidan da ta shekara arba'in a ciki, aka kuma raba ta da awakinta a mako guda, an raba ta da abin dogaronta da abin da ke tayar da ita da safe. Wakilin da iyali suka naɗa ya sa wannan cikin lissafi tun farko: ko a nemo gidan da ke da wurin turke, ko a kai dabbobin wurin dangi a ƙauye da yardarta, ko a sayar a ba ta kuɗinta a hannu.

In sayarwa za a yi, lokaci yana da tasiri. Ragon da aka kai kasuwar Turaku a Yamai ko kasuwar dabbobi ta Maraɗi makonni kaɗan kafin layya, da wanda aka kai bayan salla don dole, ba kuɗi ɗaya suke yi ba. In kuma garken dangi za a kai su, a ware su mako biyu zuwa uku kafin a haɗa, a tabbatar an yi musu allurar cutar PPR mai sa awaki da tumaki zawo da majina, wadda ma'aikatar kiwo ke yin rigakafinta kowace shekara.

Masu komawa tsohon gida

Tantabara ba ta san an sayar da gida ba. In an kai ta sabon wuri aka sake ta, tsohon rufin za ta koma, ta ci gaba da ɓata wa sabon mai gida kwano. Masu kiwonta sun san sai an kulle ta makonni a sabon ɗaki, har ta yi sheƙa ta zauna kan ƙwai, kafin a buɗe mata. A tsohon gidan kuma a cire tukwane da akwatunan a toshe ramukan. Kyanwa ma wuri take riƙewa fiye da mutum, don haka a tsare ta cikin ɗaki kamar mako biyu a sabon gida kafin a bar ta ta fita.

Abin da ya fi muni shi ne a tashi a bar kare ko kyanwa a kango, ko a kai su bayan gari a yar. Dabbar da ta saba a ba ta abinci ba ta iya neman na kanta, kuma karen da aka yasar shi ne gobe ke bin yara a hanyar makaranta. A nemo masa wanda zai riƙe shi tun kafin ciniki ya faɗa, mai garka ko mai gadi ko maƙwabci, a miƙa shi tare da takardar allurarsa.

Wanda ke sayar da gida don ya bar ƙasar, yana kuma son tafiya da karensa ko kyanwarsa, ya fara shiri da wuri. Ƙasashen Tarayyar Turai suna buƙatar a sa wa dabbar ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi mata allurar haukan kare, a ɗebi jininta aƙalla kwana 30 bayan allurar a gwada a ɗakin binciken da suka amince da shi, sannan a jira wata uku kafin tafiya. Jimilla wata huɗu ke nan in komai ya tafi daidai. Amurka kuwa tun 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba, kuma ta tsaurara sharuɗɗa ga wanda ya fito daga ƙasashen da cutar ke yawo, Nijar na cikinsu.

Akwai gidajen da ke riƙe da namun daji: babban kunkuru, barewa, ko aku. Kunkuru yana haƙa rami mai zurfi, sau da yawa a gindin katanga, don haka a bi ramin a cike shi da kyau. Waɗannan dabbobi dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta shafe su, kuma aku mai ruwan toka tun 2017 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ma'aikatan gandun daji ne ya kamata a tuntuɓa kan makomarsu, maimakon a kai su kasuwa ko a sa su a kaya.

Lokacin da ya dace

Duk wannan aiki yana son rana. Daga Nuwamba zuwa Mayu ƙasa na bushewa da sauri, yaɓe na kamawa, wari na kwanciya. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa danshi na tayar da duk abin da ke cikin ƙasa, ƙuda da sauro na taruwa a inda taki yake. Wanda ya gyara da rani, ya kuma bari gidan ya ga ruwan farko bai nuna komai ba, yana da hujjar da zai tsaya kan farashinsa.

Ga mai son lissafi, wata biyu kafin a nuna gida shi ne mafi ƙarancin lokaci: makonnin farko na taron iyali da nemo wa dabbobi wuri, na tsakiya na haƙa da feshi da bushewa, na ƙarshe na yaɓe da farar ƙasa da hoto. Mai tafiya Turai da dabba ya ninka wannan. Ɗan ci-ranin da zai zo hutun wata ɗaya da niyyar ya sayar ya koma, gara ya tura kuɗin gyara tun yana can, ya kuma yi magana da mahaifiyarsa kan awakinta kafin ya yi magana da dillali.